Darasi na Bakwai: Sankarar Kaluluwa da Ƙwayar Bairos

Kaluluwa ita ce ƙullutun da kan kumbura a wuya ko hammata idan jiki na yaƙi da cuta. Ita ma sankara kan kama ta.

A shekarar 1958, Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wani nau'in wannan sankara mai kumbura muƙamuƙin yara. A 1964 Epstein da Achong da Barr suka gano wani bairos cikin ƙarin, a Landan.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya na ɗauke da wannan bairos. Amma cutar ta fi addabar yaran Afirka, har da Nijeriya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin yana raunana garkuwar jiki. A nan, kusan kowane ƙari na ɗauke da bairos ɗin. A Turai da Amurka kuwa, kaɗan ne.

Ke nan bairos kan nemi abokin ɓarna. Ƙarin yana saurin girma, amma yana jin magani idan an garzaya asibiti da wuri.

Auna Fahimta
1. Me ya sa cutar ta fi yawa a Afirka?
2. Bayyana ma'anar "ya yi katutu".