Hanyoyin Zaɓi a Harshen Python

Ɗalibai, Python ya fito a 1991, amma sai a 2021 ya sami umarnin match na rarrabe zaɓi. Kafin nan hanyoyi biyu ake bi, har yau kuwa suna aiki.

Ta farko, if da elif, don maki. A fara da 75, wato A1, sannan a sauko. In aka fara da 40, mai 80 zai tashi da E8, gama kwamfuta takan tsaya a sharaɗin farko da ya cika.

Ta biyu, ƙamus, wato dict: Gwarzo da kuɗin motarta, Kabo da nata. A nema da get, kada garin da ba a rubuta ba ya tsai da aiki.

Ubangiji ya ƙara mana hikima.