Kwamfutar Tebur Ta Kunnu Amma Allo Baƙi Ƙirin: Yadda Ake Gane Ko Direba Ne Ko Kayan Ciki

Matasa da dama da suka fi sabawa da wayar Android sukan tsinci kansu a gaban tsohuwar kwamfutar tebur. Wata ta gado ce daga yaya, wata ta shagon buga takardu ce, wata kuma Dell OptiPlex ce ko HP Compaq ta tokumbo da aka saya da ɗan kuɗin da aka tara. Wata rana sai a latsa maɓallin kunnawa, fanka ta fara juyawa, fitila ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. A nan ake tafka asara. Wani ya sayo sabon monita alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Wani kuma a ce masa sai an yi fomat, hotuna da takardun shekaru su salwanta, matsalar kuma tana nan daram.

Kafin a kashe ko sisi, akwai tambaya ɗaya da ke raba gardama: a daidai wane lokaci hoton ya ɓace? Amsarta ce ke nuna ko laifin na kayan ciki ne ko na manhaja.

Abin da ke faruwa idan an kunna kwamfuta

Duk mai waya ya san cewa idan ya kunna ta, tambarin kamfani ne ke fara fitowa, Tecno ko Infinix ko Samsung, sannan Android ta biyo baya. Kwamfuta ma haka take. Da farko wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin madabod, mai suna BIOS, ita ke farkawa. Takan binciki RAM da furosesa da sashen hoto, binciken da ake kira POST. Idan komai lafiya, sai tambarin Dell ko HP ya bayyana. Daga nan Windows ta fara tashi, ta nuna nata tambarin da hoto mai sauƙi. Sai a matakin ƙarshe, dab da fitowar shafin shiga, direban hoto ke karɓar aiki.

Direba a nan ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da sashen da ke samar da hoto. Sashen kuwa iri biyu ne: ko dai wanda aka gina a jikin madabod ko furosesa, galibi na Intel, ko kuma katin hoto na daban da ake sokawa, na Nvidia ko AMD.

Tunda direba sai a ƙarshe yake fara aiki, ba shi da hannu a duk matsalar da ta faru kafin tambarin Windows. Idan ko tambarin kamfani bai fito ba, fomat ba zai yi maganin komai ba. Idan kuwa tambarin kamfani ya fito, na Windows ma ya fito, sannan allo ya mutu, to monita da kebul suna aiki, direba ne babban abin zargi. Tambarin yakan wuce da sauri, saboda haka yana da kyau a ɗauki bidiyon allon da waya tun daga lokacin kunnawa, a sake kallo a tsanake.

Idan ko tambari bai fito ba

A fara da monita. Idan ya rubuta "No Signal" ko "Check Signal Cable", yana da rai, saƙo ne bai iso masa ba. A duba cewa an zaɓi mashigar da ta dace a maɓallan jikinsa, domin monitan da aka saita a HDMI ba lallai ya nuna abin da ke zuwa ta VGA ba. Idan fitilarsa a kunne take amma babu rubutu ko kaɗan, a haska fitilar waya a jikin gilashin daga kusa. Ganin hoto dishi-dishi yana nufin hasken bayan allon ne ya mutu, kwamfutar ba ta da laifi.

Sai kebul. Kebul ɗin VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, tsohon yayi ne da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, kuma alluransa na saurin lanƙwashewa. Allura ɗaya ta lanƙwashe, hoto ya koma ruwan hoda ko kore, ko ya ɓace gaba ɗaya. A ciro a duba, a mayar a ɗaure kusoshinsa biyu.

Akwai kuskuren da ya fi kowanne yawa bayan an ɗauke kwamfuta daga wani ɗaki zuwa wani. Idan tana da katin hoto na daban, za a ga mashigar monita a wuri biyu a bayanta: ɗaya a sama kusa da ramukan USB, ɗaya a ƙasa a jikin katin. Yawancin tsofaffin kwamfutoci sukan kashe ta saman da zarar sun ga kati. Dole kebul ya shiga ta ƙasan.

Idan duk wannan daidai ne, a latsa Caps Lock ko Num Lock a kibod. Fitilarsa na kamawa tana mutuwa? To kwamfutar ta tashi, hoto ne kawai ba ya fita. Idan fitilar ba ta motsi, wataƙila ta maƙale tun a binciken farko, kuma sau da yawa takan faɗi dalili da kanta: ta ƙarar "kit-kit" a jere, ko ta fitilu masu lamba 1 zuwa 4 da ke gaban wasu OptiPlex irin su 780 da 790. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ƙirga ta, a nemi ma'anarta a waya tare da sunan samfurin kwamfutar.

Daga nan sai buɗe murfi, bisa wannan tsari:

1. A zare wayar wuta daga soket, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20 domin ragowar wutar ciki ta fita.
2. A taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a taɓa komai a ciki.
3. A ciro sandunan RAM, a goge haƙoran zinarensu a hankali da roba mai goge fensir, a kaɗe ƙurar ramin, a mayar har maƙallan gefe su ce ƙas. Idan sanduna biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana RAM haɗuwa da raminsa.
4. Idan akwai katin hoto, a ciro shi gaba ɗaya, a mayar da kebul mashigar sama, a kunna. Hoto ya dawo? Katin ne ke da matsala, ko raminsa.
5. A duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe saitin BIOS da agogo. Kwamfutar da kullum take tashi da tsohuwar shekara, batirinta ya mutu. Ciro shi na 'yan mintuna yana mayar da saitin BIOS yadda ya zo daga kamfani.

Gargaɗi biyu. Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta da tsohon monita mai ƙusumbi ba a buɗe su a gida, domin sukan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare su daga soket. Sannan wasu tsofaffin kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. A Najeriya da Nijar dole ya tsaya a 230. Idan aka jona yana kan 115, akwatin wutar zai ƙone nan take.

Idan tambarin Windows ya fito sannan allo ya mutu

Kafin a yi nisa, akwai gwaji biyu masu sauri a Windows 10. Latsa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana sa direban hoto ya sake tashi. Za a ji ƙara ɗaya, allo ya ƙifta. Latsa Windows da P kuma yana sauya inda ake tura hoto, domin wani lokaci kwamfutar na zaton akwai allo na biyu, can take aika komai.

Idan monita ya rubuta "Out of Range" ko "Input Not Supported", an saita hoto a girman da ya fi ƙarfinsa. Hakan na faruwa idan aka cire kwamfuta daga babban talabijin aka mayar da ita kan ƙaramin monita.

Maganin wannan da na lalataccen direba duk ta ƙofa ɗaya ake shiga: Safe Mode. Wayoyin Android ma suna da shi, inda waya ke tashi ba tare da manhajojin da aka sauke ba. A kwamfuta, Windows kan ajiye direban hoto a gefe, ta yi amfani da nata mai sauƙi.

A Windows 7, ana ta latsa F8 da zarar tambarin kamfani ya wuce, sai a zaɓi "Safe Mode". Ga matsalar girman hoto kuwa, a zaɓi "Enable low-resolution video", wanda ke tashi a 640 x 480. A Windows 10, F8 ba ya aiki sai an saita shi tun da farko. Sai dai a kunna, da zarar tambarin Windows ya fito a danne maɓallin wuta har ta mutu. A maimaita sau biyu zuwa uku, sai ta kai kanta shafin gyara. A bi "Troubleshoot", "Advanced options", "Startup Settings", "Restart". A jerin da zai fito, lamba 4 ce Safe Mode, 5 Safe Mode mai intanet, 3 kuma ƙaramin hoto.

Idan hoto ya fito tsaf a Safe Mode, kusan an kama ɓarawo. Abu na farko shi ne a kwafe muhimman fayiloli zuwa filash ko waya kafin a taɓa komai.

Cire tsohon direba da samo wanda ya dace

A latsa Windows da R, a rubuta devmgmt.msc, a buɗe "Display adapters", a latsa sunan da ke ciki sau biyu. Idan matsalar ta fara ne bayan Windows ta sabunta kanta, a shiga "Driver" a latsa "Roll Back Driver" domin komawa wanda yake aiki a da. Idan maɓallin a dushe yake, a zaɓi cire direban, a sa alama a akwatin goge manhajarsa, a sake kunnawa. Ga direban da ya ƙi fita, akwai manhajar kyauta mai suna Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU, kuma a Safe Mode ake gudanar da ita.

Bayan cirewa, sunan zai koma "Microsoft Basic Display Adapter" a Windows 10, ko "Standard VGA Graphics Adapter" a Windows 7. Gumaka za su yi manya, bidiyo ya riƙa sarƙewa, amma kwamfutar na aiki. Domin sanin ainihin sashen hoton, a shiga "Details" a zaɓi "Hardware Ids". VEN_8086 na Intel ne, VEN_10DE na Nvidia, VEN_1002 na AMD. Lambar da ke bayan DEV ita ce ta samfurin, bincikenta a intanet zai fito da sunansa.

A sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin kaɗai. Dell na amfani da Service Tag mai haruffa da lambobi bakwai da ke manne a jikin akwati. A tabbatar ko Windows ɗin 32-bit ce ko 64-bit. Idan kwamfutar ba ta da intanet, a sauke a waya a tura ta kebul ɗin USB. Shafukan da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da latsawa ɗaya, a guje su, domin sukan cusa direban da bai dace ba, wasu har da tallace-tallace da ƙwayar cuta.

A tsohuwar kwamfuta, sabon direba ba shi ne mafi kyau ba. Intel ba ya tallafa wa HD Graphics 2000 da 3000, na furosesoshin Core zubi na biyu da suka fito a 2011, a kan Windows 10. AMD ya daina sabunta direbobin Radeon HD 5000 da 6000 a 2015. Katunan Nvidia irin su GeForce 210 da 8400 GS sun tsaya a direbobi masu lamba 340 zuwa 342. Ga irin waɗannan, direban ƙarshe da aka yi musu shi ake nema, kuma tilasta musu na sabon kati shi ke jawo baƙin allo.

Idan kuma kwamfutar na nuna baƙin allo bayan an kashe an kunna, amma tana tashi lafiya idan an yi "Restart", a kashe "Fast Startup" a Control Panel, ƙarƙashin "Power Options" da "Choose what the power buttons do". Wasu tsofaffin direbobi ba sa jituwa da shi.

Alamomin da ke nuna katin ne ya gaji

Layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi a kan tambarin kamfani ko cikin BIOS, wanda ake shiga da F2 a Dell da F10 a HP, ba aikin direba ba ne, tunda bai fara aiki ba a lokacin. Haka "Code 43" da ke dawowa bayan an sa direban da ya dace. Saƙon "Display driver stopped responding and has recovered" na fitowa ne idan sashen hoto ya yi daƙiƙa biyu bai amsa wa Windows ba. Idan yana yawan zuwa bayan kwamfuta ta ɗauki zafi, a duba ko fankar katin ta tsaya ko ƙura ta toshe ta. Shuɗin allo mai VIDEO_TDR_FAILURE kan ambaci fayil: nvlddmkm.sys na Nvidia, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel.

Ko da katin ya mutu, ba lallai a sayi wani ba. Mashigar madabod ta wadatar ga buga takardu, cike fom da kallon bidiyo.

Idan har sai an je wurin mai gyara, a tafi da bidiyon da aka ɗauka, da adadin ƙarar da aka ƙirga, da hoton duk saƙon da ya fito a allo. A gaya masa ko Safe Mode ya yi aiki, a kuma ce kada ya yi fomat sai an kwafe fayiloli. Windows 7 ta daina samun sabuntawar tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka da zarar an samu direban da ya zauna lafiya, a ajiye kwafinsa a filash tare da rubuta lambarsa a takarda a manna a cikin murfin akwatin.