Yadda Ake Zaɓen Kifin Ado Na Ƙaramin Akwatin Gilashi A Yola Da Jimeta

Wanda ya tashi a Jimeta ba a koya masa kifi. Ga Binuwai a bakin gari, ga tafkin Geriyo, ga Njuwa can wajen Yola, kuma tun yana yaro ya san bambancin tarwaɗa da ƙurungu. Sai dai sanin kifin tukunya daban, sanin wanda zai rayu a ɗan akwatin gilashi a kan tebur daban. Sau da yawa akan sayo kifin ado da murna, kafin wata ya zagayo ya mutu, alhali ba a rage shi da abinci ba. Matsalar takan faro ne tun ranar saye, domin ido aka bari ya yi zaɓen. A garin nan abu biyu ya kamata su yi maka zaɓe: zafin bazara da ɗaukewar wuta.

Mataki na farko: san yawan ruwan akwatinka

Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, sai ya ba ka lita. Akwati mai tsawon 40, faɗin 25, zurfin 25 yana cin lita 25, wato jarka guda. Idan aka zuba yashi da duwatsu, aka bar ɗan fili a sama, ruwan ba zai wuce lita 20 ba sosai. A ganina wannan shi ne mafi ƙanƙantar akwatin da ya dace a sa mai rai a ciki. Ruwa kaɗan saurin zafi gare shi, da saurin ɓaci.

Idan mai aikin gilashi ne zai haɗa maka, ka ce ya yi shi mai tsawo da faɗi, kada ya yi shi dogo kamar kwalba. Ta saman ruwa iska take shiga, don haka faɗin baki ya fi zurfi amfani. Ƙwaryar gilashi mai matsattsen baki da ake gani a finafinai, ka bar ta a kanti. A yi wa akwatin murfi na raga.

Mataki na biyu: auna zafin ɗakin kafin ka yi tunanin kifi

A Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40 da rana. Yawancin kifayen adon ƙasashen zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. Kuma ruwa in ya ɗau zafi, oksijin ɗin da ke cikinsa raguwa yake yi: a digiri 20 lita guda tana riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi, ga shi a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. In aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, kifi sai ya taso sama yana haki.

Saboda haka ka cika akwatin da ruwa, ka saka ma'aunin zafi, ka ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana take duka. Ka riƙa duba shi da la'asar da kuma asuba. In ruwan yana wuce digiri 31 kullum, ka sauya masa wuri, ko ka haƙura har damina ta sauka.

Mataki na uku: cire waɗanda ba su dace ba

Kifin zinariya shi ne wanda kowa yake fara nunawa, kuma shi ne na farko da za ka haƙura da shi. Asalinsa daga Sin ne, ruwan sanyi yake so, yana iya kai santimita 20 ko fiye, ga yawan kashi. A lita 20, cikin zafin Afrilu, wahala kawai zai sha.

Sai 'ya'yan kifin kogi da yara kan kamo a bakin Geriyo. Ɗan tarwaɗa yau kamar yatsa yake, bayan 'yan watanni ya cika akwatin, ya haɗiye duk wanda ya fi shi ƙanƙanta. Ƙarfasa tana tonon yashi tana faɗa, ƙurungu ma girma yake yi. Ƙififiya kuwa tana buƙatar wurin hawa ta sha hantsi da ruwa mai yawa.

Abin da nake roƙon iyaye su kiyaye shi ne katantanwar rafi da kududdufi. Wasu ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu su ne suke ɗauke da cutar tsargiya, wadda take sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Kada a ɗebo su a kawo gida a sa a ruwan da yara za su riƙa tsoma hannu.

Mataki na huɗu: zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan

Kifin da na fi ba wa mai farawa shawara shi ne beta, wanda ake kira kifin faɗa. Daga Tailan ya fito, inda kakanninsa suke rayuwa a fadamun shinkafa da ruwa mai ɗumi marar zurfi. Yana da wata gaɓa ta musamman a cikin kansa da take ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa ɗaukewar wuta ba ta kashe shi kamar sauran. Tsawonsa bai wuce santimita 7 ba, yakan yi shekara biyu zuwa huɗu, kuma namijin yana da baza mai launin ja ko shuɗi. Sharaɗinsa ɗaya: namiji guda a akwati. Maza biyu za su yi ta yagar juna har ɗaya ya mutu. Kada ka ji tausayin zamansa shi kaɗai, haka halittarsa take, kuma da sannu zai saba da mai ba shi abinci, ya riƙa tahowa jikin gilashi in ya gan shi.

Wanda yake son ganin kai-komo sai ya nemi gufi, ɗan kifin da asalinsa daga Tirinidad da Benezuwela yake. Yana jure ɗumi, yana cin tsutsar sauro, har an kai shi ƙasashe da yawa don wannan aikin. Haihuwa yake yi, ba ƙwai ba, kuma mace takan haihu kusan kowane wata, 'ya'ya ashirin ko fiye. In ka haɗa maza da mata, kafin wata uku akwatin ya cika. Maza uku ko huɗu sun isa a lita 25, da ɗan famfon iska mai caji domin lokacin da babu wuta. Kada ka haɗa su da beta, domin yakan ɗauki doguwar wutsiyarsu a matsayin abokin gaba.

Akwai kuma ɗan gida, wanda masana suke kira gardineri, ƙaramin kifi mai ɗigon ja da ake samu a rafukan Najeriya da Kamaru. Masu kiwon kifin ado a Turai har da sunayen garuruwanmu suke bambanta irinsa, kamar na Makurɗi da na Lafiya. Ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, kuma gwanin tsalle ne, don haka sai mai ɗaki mai sanyi da murfi mai kyau.

Mataki na biyar: shirya ruwan, sannan kifi

A nan gaggawa take yi wa mutane ɓarna. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona masa hanyar numfashi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne suke sarrafa ta, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a jikin yashi da soson matatar ruwa. Ka zuba ruwa, ka kunna matatar, ka riƙa jefa ɗan ƙwayar abincin kifi duk bayan kwana biyu ba tare da kifi a ciki ba. In kana da abokin da akwatinsa ya daɗe lafiya, roƙi ɗan tsohon sosonsa, zai rage maka jira.

Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kulorin ya fita, ko a ɗiga maganin cire shi. Na mai ruwa kuwa ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba. Yashin Binuwai yana yi, in an wanke shi sosai aka tafasa. Kainuwa biyu ko uku a sama suna ba da inuwa, suna kuma shanye ƙazantar ruwa, amma a fara ajiye su a wani bokiti mako biyu a tsince duk katantanwar da ta fito, kuma kada su rufe saman ruwan gaba ɗaya.

Mataki na shida: ranar saye

Yawancin kifin ado daga Legas yake tasowa, ya sha doguwar hanya a leda. Kada ka sayi wanda ya sauka yau, bar shi ya huta kwanaki a hannun mai sayarwa. Ka ce a ba shi abinci a gabanka. Mai lafiya yakan rugo ya ci, bazarsa a buɗe. Wanda yake da fararen ɗigo kamar gishiri a jiki, ko yake kwance a ƙasa, ko akwai mushe a akwatin da yake, ka wuce shi ko da kyauta ne.

Ka saya da safe, ka kai gida kai tsaye. Ɗora ledar a rufe a kan ruwan akwatin minti 20 zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ka ɗebo kifin da raga. Ruwan ledar a zubar.

Mataki na bakwai: kulawar yau da gobe

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, daidai abin da zai cinye cikin minti biyu. A gidan da yara suke da yawa, mutum ɗaya ya ɗauki wannan aikin. Duk mako a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ba a taɓa gilashin da sabulu ko omo, soso kuma a ɗauraye shi a tsohon ruwan akwatin.

Da bazara ka juya fanka mai caji ta riƙa busa saman ruwan, zai sauko da digiri biyu ko uku, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. In abin ya tsananta, a sa ƙaramar gorar ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, a riƙa duba ma'auni kada sanyin ya zo lokaci guda. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, dare yakan sauka ƙasa da digiri 20, beta ya yi lakwas ya ƙi abinci. Ƙaramar hita mai wat 25 ta isa, in babu a lulluɓe akwatin da bargo da dare.

Maganin sauro na fesawa da fiya-fiya guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. Kafin a fesa a ɗakin, a kashe famfon iska, a rufe akwatin da leda da jiƙaƙƙen zane, kada a buɗe sai warin ya fita. In kuma wata rana ka gaji da kiwon, ka ba wani mai sha'awa ko ka mayar wa mai sayarwa. Kada ka juye baƙon kifi a Geriyo ko Binuwai, domin gufi in ya sami wuri yaɗuwa yake yi ya takura wa ƙananan kifayen gida.