Karɓar Fanshon Amurka a Asusun Bankin Gida

Wani mai sauraronmu daga Kano, wanda ya yi aiki a Amurka ya dawo gida, yana tambaya ko za a iya zuba masa fanshonsa kai tsaye a banki.

To Malam, hukumar Social Security ta Amurka tana biyan masu fansho da ke ƙasashe da dama ta asusunsu. Takardar SSA-1199 ake cikewa, banki ya tabbatar da lambar asusun, a miƙa wa sashen kula da haƙƙoƙin fansho na ofishin jakadancin Amurka. A ganinmu wannan hanya ta fi ceki, domin ceki yakan ɓace a gidan waya, kuma banki kan riƙe shi makonni kafin kuɗi su fito. Wasu na ƙorafin cewa canji na cinye wani abu idan aka mayar da dala kuɗin gida. Haka ne, amma mai ceki ma bai tsira daga canjin ba, ga kuma ladan banki. Inda gizo ke saƙa shi ne: wanda ba ɗan Amurka ba, idan ya cika wata 6 a wajen Amurka, ana iya tsayar da kuɗinsa sai in yana cikin waɗanda doka ta keɓe. Saboda haka fara bincika matsayinka, kuma duk lokacin da takardar tambayoyi SSA-7162 ta iso daga hukumar, ka cike ka mayar da wuri.