Kafin ka ɗora wa injinka turbo

Samari da yawa na sha'awar ɗora turbo a kan Civic ko Corolla da kamfani ya ƙera ba tare da shi ba. Ɗan'uwa, bi a hankali. Irin wannan inji yana matse iska da fetur sosai tun asali, sau da yawa kusan 10:1, fistin ɗinsa kuma ba a yi su don ƙarin nauyi ba.

Idan injin lafiyayye ne, yawancin masu wannan aiki suna tsayar da matsin turbo a psi 5 zuwa 7, wato ƙasa da rabin bar. In za a haura haka, sai an canja fistin da sandunansu.

Abin da ya fi kashe inji shi ne fetur ya fashe ba a kan ƙa'ida ba. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da ka ji, ɗaga ƙafa nan take. Zafin Afrilu da gurɓataccen mai suna ƙara haɗarin.

Fara da sa bakanike ya auna matsin kowace silinda. Injin da ke shan baƙin mai a ƙyale shi. In injin lafiya yake, a sa na'urar sanyaya iskar da turbo ke turawa, a ƙara girman injekta da famfon mai, sannan gwani ya sake saita ƙwaƙwalwar motar. In babu kuɗin saitin, a ɗage aikin.