Darasin sana'a: injin fariza, kafin ka kai ɗanka warsha



Tun da aka fara maganar komawa gida, tambayar da ta fi zuwa teburin ofishin kariya ita ce ta samari: wace sana'a za su kama? Iyaye da yawa daga Mai Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da ita suna ambaton warsha, wato shagon aikin ƙarfe. Wani dattijo ya ce mini ya riga ya yi magana da wani usta a Sinnar, ɗansa zai riƙa tsayawa a kan fariza. Na tambaye shi shekarun yaron, ya ce goma sha uku. Na ce, “Baba, ka taɓa ganin farizar tana aiki?” Ya ce a'a. Dalilin darasin nan ke nan.

Ni ma ban san ta ba da farko. Ranar da aka fara ba ni takarda mai sunanta na Turanci, sai na fassara shi da “injin niƙa”, domin kalma ɗaya ce a wurinsu. Washegari mata suka zo tambayar yaushe za a kawo tahuna. Sai da na je na zauna da wani tsohon ma'aikacin warsha da ke nan tare da mu, ya zana mini ita a ƙasa da tsinke. Fariza ba ta niƙa dawa. Ƙarfe take sassaƙawa.

Yawancinmu mun san makarata, injin da ake gyara sandar turumba da shi. A makarata ƙarfen ne yake juyawa, wuƙar tana tsaye tana fere shi, shi ya sa duk abin da ya fito daga cikinta mai zagaye ne. A fariza kuwa wuƙar ce take juyawa, tana da haƙora da yawa, ƙarfen kuma an ɗaure shi tamau a kan tebur. Teburin yana tafiya hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, kowace tafiya da hannun murzawarta. Da haka ake daidaita fuskar ƙarfe ta zama sumul, a yanka kwari a jikinsa, a fitar da kusurwa, a yanka haƙoran giya. Akwai mai wuƙa a tsaye, akwai mai wuƙa a kwance. Mai tsayen ce aka fi gani a ƙananan warshoshi, kuma da yawansu kwaikwayon wata ce da kamfanin Bridgeport na Amurka ya fara fitarwa a 1938.

Me ya haɗa manomi da wannan inji? Ruwa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman Jazira ya dogara ga magudanai da ƙofofin ƙarfe, gonakin da ke bakin Nil Azrak kuwa, har da namu, sun dogara ga babur da turumba. Yaƙin da ya fara a Afrilu 2023 ya ci Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya iso Sinja a Yuni 2024. Waɗanda suka leƙa gida sun dawo da labari iri ɗaya: an kwashe injuna, waɗanda aka bari sun yi tsatsa, kayan gyara sun yi wuya kuma sun yi tsada. A irin wannan lokaci, wanda zai iya ƙera ɗan ƙarfen da babu shi a kasuwa ba zai rasa aiki ba. Saboda haka ban ga laifin dattijon nan ba da ya hango wa ɗansa warsha.

Ga misalin aikin da aka fi kawo wa fariza. Tsakanin sandar turumba da fulin da bel yake ja akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake kira kabur, rabinsa a cikin kwarin sanda, rabinsa a cikin kwarin fuli. Shi ne yake sa su juya tare. Idan kwarin ya cinye, babur zai yi ta ƙara, fuli yana juyawa, ruwa bai hau ba. Usta zai cike wurin da walda, ya fere sandar a makarata, sannan ya kai ta fariza ya yanka sabon kwari. Sanda mai kaurin milimita 25 tana ɗaukar kabur mai faɗin milimita 8, zurfin kwarinsa a jikin sanda milimita 4. Idan kwarin ya yi faɗi ko da kaurin gashin kai biyu, kabur zai riƙa rawa, ba da jimawa ba a koma gidan jiya. Shi ya sa aka zana layuka a jikin hannun murzawa, a injuna da yawa kowane layi milimita 0.02 ne ko 0.05.

A nan ne nake so iyaye su tsaya su duba. Wannan sana'a ta lissafi ce kafin ta zama ta ƙarfi. Saurin juyawar wuƙa ya danganta da girmanta da irin ƙarfen da ake yanka. A baƙin ƙarfe na yau da kullum, wuƙar da ba ta musamman ba mai faɗin milimita 10 tana son juyi wajen 800 a minti ɗaya, mai faɗin milimita 50 kuwa wajen 160 kawai. Wanda ya ba babbar wuƙa saurin ƙarama zai ƙone haƙoranta, za ka ga sun yi shuɗi, kuɗin usta ya tafi. Yankan giya ma haka ne. Akwai na'urar rabawa da ake ɗaurawa a kan tebur, yawanci sai an murza hannunta sau 40 kafin ƙarfen ya zagaya sau ɗaya. Giya mai haƙori 20, murzawa 2 ke nan bayan kowane haƙori. Mai haƙori 16, murzawa biyu da rabi. Yaron da aka cire daga aji kafin ya iya rabawa da lissafin ɗigo zai shekara biyar yana share gari yana sayo shayi. Wanda ya daure ya gama ajin da ake yi a tantin makaranta, shi ne za a miƙa wa ma'auni.

Sai maganar hatsari, wadda ita ce aikin ofishinmu. Wuƙar da take yanka baƙin ƙarfe ba ta ma jin ta taɓa yatsa, kuma injin ba ya tsayawa don an yi ihu. Abin da ya fi jawo rauni shi ne kaya: hannun jallabiya, jelar rawani, gyale, zobe, igiyar laya. Haƙori ɗaya ya kama zare, sauran jiki ya bi. Safar hannu ma haka, ko da yake mutane suna ɗauka kariya ce. A wajen walda ana sa ta, a gaban fariza ana cire ta. Garin ƙarfen da ke tashi yana da zafi da kaifi, tabarau dole ne, kuma da buroshi ake share shi bayan an kashe inji, ba da tafin hannu ba. Ba a awo sai wuƙa ta tsaya cik. Idan wuta ta ɗauke, a kashe makunnin nan take, domin ranar da ta dawo ba ta sallama. Na taɓa yi wa wani saurayi tafinta a asibiti, ya rasa yatsu biyu a wata warsha ta haka: wuta ta ɗauke, ya sa hannu yana cire gari, aka tada janareta.

Doka ma ta yi magana. Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1999 kuma Sudan ta amince da ita, ta hana sa yaro aikin da zai iya cutar da lafiyarsa. Tsayawa a kan inji mai wuƙa yana cikin irin wannan aiki. Na san halin da ake ciki, na san gidan da ɗan shekara sha biyar ne yake ciyar da shi, ba na rubuta wannan don in kunyata kowa ba. Amma ku zo mu yi magana kafin a tura shi.

Saurayin da ya kai shekarun, ubansa ko kawunsa ya je da kansa ya ga warshar. Ka dubi hannun ustan da na yaransa, ka ƙirga yatsu. Ka duba ko bel yana da murfi, ko akwai tabarau a rataye, ko wayoyin wuta a tsirara suke. Ka tambaya a gaban shaidu wata nawa zai yi kafin a koya masa awo, nawa za a riƙa ba shi, ina zai kwana, wa zai biya magani idan ya ji ciwo. Ustan kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi. Kada a bar wa kowa katin rajistar yaro ko takardar haihuwarsa a matsayin jingina.

Warshoshi suna sayen tsohon ƙarfe, yara kuma sun sani. Bayan yaƙi gonaki da kangaye suna cike da harsasai da rokokin da ba su fashe ba, wasu sun yi tsatsa har sun yi kama da bututun turumba. Ƙarfen da ba ku san shi ba, kada a taɓa, kada a ɗauka, kada a kai wa usta ya yanka. A yi wa wurin alama daga nesa, a gaya wa mai unguwa ko ofishin kariya.

Mai tambaya a kan koyon sana'a ko aikin yara ya same mu a teburin kariya, ina nan don masu jin Hausa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya mai da mu gida lafiya.