Yadda ake auna sababbin 'yan wasan ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka

Aikin yakan fara tun yaran suna sakandare. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN suna tura mutanensu gasannin bazara, musamman Peach Jam ta Nike, su zauna a bakin fili suna rubuta tsawon yaro da na hannuwansa, da saurinsa, da yadda yake jefa ƙwallo in an matsa masa. Daga nan a raba taurari: biyar ga zakaru, huɗu ga na bayansu, uku ga mafi yawa. In jami'o'i suka gama ɗauka, sai a haɗa makin yaran kowacce a jera su.

Wannan jeri shi ne abin gardamar 'yan kallo. Mai auna da gaske kuwa, a nan aikinsa yake farawa.

Zai ɗauko sunayen 'yan wasan jami'ar na bara, ya soke waɗanda suka tafi, ya ga guraben da suka buɗe, sannan ya tambaya ko sababbin sun cike su. A ganina nan ake yawan tuntuɓe. A 2018 jami'ar Duke ta kwashe Zion Williamson da RJ Barrett da Cam Reddish, ukun da ake ganin babu kamarsu a shekarar. Amma ƙwallo ɗaya ce a fili, kowannensu ya saba tana hannunsa, ga shi ƙungiyar ba ta da masu jefa ta nesa da za a dogara da su. Michigan State ta fitar da su a kwata-fainal na gasar jami'o'i ta ƙasa a 2019, da ci 68 da 67.

Sai batun zama. Tun 2006 gasar ƙwararru ta NBA ba ta ɗaukar yaro sai wanda zai cika shekara 19 a shekarar ɗaukar, shi ya sa mai taurari biyar sau da yawa baƙon shekara ɗaya ne. Don haka a duba wa zai tarar a gidan. Ana yawan ambaton Anthony Davis a kofin da Kentucky ta ci a 2012, ana mantawa da Darius Miller, wanda yake shekararsa ta huɗu, da Terrence Jones da Doron Lamb da suka riga suka yi shekara guda.

Tun 2021 lissafin ya ƙara rikicewa, domin an sassauta dokar sauya jami'a, kuma an yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa. Yanzu dole a auna masu sauyin sheƙa tare da 'yan sakandare.

Kada kuma a tsallake na ƙasan jeri. A nemo bidiyon cikakken wasansa a kalla, ba guntayen bajinta ba. Manyan jami'o'i sun raina jikin Stephen Curry, ya tafi ƙaramar kwalejin Davidson, ya kai ta kwata-fainal a 2008.